Amsoshin Tambayoyinku: Gane Hoton da Ya Fita Tar

Wani mai sauraronmu daga Injamena, mai ɗaukar hotunan biki, yana tambaya: yaya zai gane hoton da ya fita tar yayin tantancewa a kwamfuta?

To malam, kada ƙananan hotunan jeri su ruɗe ka, a nan kowanne kyau gare shi. A Lightroom, danna Z hoton ya buɗe zuwa kashi 100, ka dubi idon amarya. In gashin ido ya rabu ɗaiɗai, danna P ka ajiye. In lallen hannunta ne ya fito, ido kuwa dishi-dishi, saiti ya kauce, danna X ka yi watsi da shi. Amma wanda ka ɗauka a bakin kogin Shari da hunturu, in ya yi dishi-dishi, sau da yawa hazo ne kawai, Dehaze zai rage shi.