Wasannin Intanet a Matsayin Hanyar Shirya Ɗaliban Ajin Ƙarshe Shiga Rayuwar Manya: Nazarin Wasan Spent

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda ake amfani da wasannin intanet wajen jan hankalin ɗaliban da ke dab da kammala karatun gaba da sakandare zuwa ga nauyin da ke jiran su. An ɗauki wasan Spent a matsayin zakaran gwajin dafi. Nazarin ya nuna cewa damar zaɓi da wasan ke bai wa ɗalibi ita ce ƙarfinsa, kuma ita ce kafar da kuskuren fahimta ke shigowa ta cikinta.

1.0 Gabatarwa

Tarbiyya ta hanyar wasa ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. A wasan 'yartsana yarinya kan gwada aure da raino da girki tun kafin su zo mata, a tashe kuma yara kan kwaikwayi halayen manya. Abin da ya sauya shi ne dandali. Ɗalibin ajin ƙarshe a yau, wanda ke jiran hidimar ƙasa ta shekara guda da aka kafa tun 1973, hankalinsa na kan wayarsa, kuma laccar nasiha game da tattalin kuɗi ba kasafai take tasiri a kansa ba.

2.0 Tsarin Wasan

Kamfanin talla na McKinney ne ya ƙirƙiri Spent a shekarar 2011 domin ƙungiyar agaji ta Urban Ministries of Durham da ke jihar Karolina ta Arewa a Amurka. Akan sanya ɗan wasa a matsayin wanda ya rasa aiki da gida, dala 1,000 kacal ta rage masa, aka kuma buƙaci ya kai ƙarshen wata. Zai zaɓi ɗaya daga cikin ayyuka uku masu ƙaramin albashi, sannan ya yanke shawarar inda zai zauna: kusa da wurin aiki haya ta yi tsada, nesa kuma kuɗin sufuri ya cinye ribar. Daga nan sai matsaloli su riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kamar rashin lafiya da lalacewar mota da buƙatun ɗansa na makaranta. Kowane zaɓi yana bayyana nan take a ragowar kuɗinsa.

A nan ne wasan ya sha gaban lacca. Ɗalibi ba ya jin labarin kasafin kuɗi, shi ke yin sa, ya kuma ɗanɗani sakamakon gangancinsa ba tare da ya yi asarar ko sisi ba.

3.0 Matsalar Zaɓi

Sai dai binciken Roussos da Dovidio (2016) na Jami'ar Yale ya gano wani abin da masu wasan ba su nufa ba. Waɗanda suka kalli wasan kawai sun fi waɗanda suka buga shi nuna tausayi ga matalauta, domin riƙe linzamin zaɓi ya sa wasu ganin cewa talauci abu ne da mutum ke da iko a kansa. Wannan ya shafi mai shirin fita makaranta kai tsaye. Idan ya tashi daga wasan da tunanin cewa dabara kaɗai ke raba wanda ya samu da wanda ya rasa, to ranar da ya shekara biyu yana yawo da takardu babu aiki, kansa zai ɗora wa laifin duka. Saboda haka wasan bai isa darasi shi kaɗai ba. Wajibi ne malami ya biyo bayansa da tattaunawa, inda za a rarrabe asarar da zaɓin ɗan wasa ya jawo da wadda tsarin albashi da farashi ya tilasta, ko da wane zaɓi aka yi.

4.0 Batun Mayar da Shi Hausa

Fassara kalmomin wasan ba za ta wadatar ba, domin rayuwar da aka gina shi a kanta ta Amurka ce, mai inshorar lafiya da katin bashi. Ɗan wasan kusan shi kaɗai yake fama. Matashin Bahaushe kuwa yana cikin dangi, waɗanda ke tallafa masa kuma suke da haƙƙi a aljihunsa: gudummawar biki da suna, kuɗin makarantar ƙanne, zubin adashi, da tanadin lefe. Wasan da zai lissafa gudummawar biki a jerin asara zalla ya jahilci yadda biki ke komawa ga mai shi ranar tasa hidimar. Tsara irin waɗannan zaɓuɓɓuka da ƙimar kowannensu aiki ne na masanin al'ada, kafin a miƙa wa masanin kwamfuta ya gina manhajar.