Silifan da Ya Ɓace a Ƙofar Harami

Duk shekara, da an shiga Shawwal, sashenmu na masu ciwon suga yakan cika da maniyyata. Tambayarsu kusan ɗaya ce: "Sista, me zan riƙa ci a can?" Ni kuwa nakan ce, "Baba, cire takalmi tukuna in ga ƙafa."

Wani dattijo ne ya koya mini haka. Ya fito daga sallar Azahar a Harami, ya duba silifansa bai gani ba, ya ce ai masauki ba nisa, ya taka kwalta haka nan. Bai ji komai ba, domin suga ya daɗe da kashe masa jijiyoyin da ke kai saƙon zafi. Sai da dare abokin ɗakinsa ya lura tafin ƙafar ya ɗuri ruwa. Bayan dawowarsa wata uku muka yi muna wanke gyambon, duk da haka sai da aka cire yatsa ɗaya. Farin dutsen wajen ɗawafi yana da sanyi ko da rana tsaka, shi ke ruɗar mutane su ɗauka ko'ina haka yake. A Hajjin 2024 zafin Makka ya haura digiri 51, kuma hukumomin Saudiyya sun ce fiye da mahajjata 1,300 ne suka rasu.

Don haka takalminka ya shiga 'yar jaka ya bi ka har cikin masallaci. Kada ka sayi sabo ana gobe tafiya, wanda ƙafa ta saba da shi ya fi. Kullum kafin kwanciya a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, in ido ba ya gani sosai a sa wani ya duba.

Sai faɗuwar suga, wadda ta fi hawansa saurin kayar da mutum. Wanda a gida iyakarsa masallacin unguwa, ga shi yau zai yi Safa da Marwa, kimanin kilomita 3, ban da ɗawafi da tattakin zuwa jifa. In yana allurar insulin ko yana shan glibenclamide, kuma bai karya ba, sai rawar jiki da gumi da jiri, mutane su ce ai rana ce. In awon suga ya yi ƙasa da 70, a sha suga cokalin shayi uku a ruwa ko rabin kofin lemon kwalba, a sake gwadawa bayan minti 15. Dabino kada ya rabu da jaka. Kuma a daina ɓoye ciwon. Abokin tafiya ya sani. Wanda jikinsa ba ƙwari ya tambayi malamin tawagarsu batun wakilta wani ya yi masa jifa.

Magani duka a jakar hannu, ninkin abin da ake bukata, da takardar likita mai ɗauke da ainihin sunan kowanne. Akwati yakan yi ɓatan kai, kuma insulin na iya daskarewa a ɗakin kayan jirgi, in ta daskare ta tashi aiki. Wadda ba a buɗe ba tana son sanyin firiji, digiri 2 zuwa 8. Wadda aka fara tana kai mako huɗu muddin ba ta sha zafin da ya wuce 30 ba. Tazarar agogo tsakaninmu da Saudiyya awa biyu ce kawai, ba ta cika rikita lokacin allura ba. Mai zuwa Amurka ne ya kamata ya zauna da likita su sake lissafi.

Hajiyoyi kuma ina da ƙorafi a kanku. Na san layin banɗaki a Mina ne ke sa ku ƙin shan ruwa. Amma in jiki ya bushe, suga sai ya yi sama, ƙoda ta wahala. Hajiya, ki sha ruwanki, ki bi layin.