Gane Tsarin Alƙaluman Gona Kafin Yanke Hukunci

Gabatarwa

Malamin gona da ya gwada iri ɗaya sau biyu ba safai yake samun sakamako ɗaya ba. Wannan bambanci ba kuskure ba ne, yana bin tsari wanda ilimin ƙididdiga ke kira rabon yiwuwa. Kowane rabo yana da ginshiƙansa, wato alƙaluman da ke fayyace shi. Ga guda uku da aka fi cin karo da su a gona.

1. Rabon binomiyal

Ana gane shi idan sakamako biyu ne kawai, kamar ƙwaya ta tsiro ko ba ta tsiro ba, kuma an san yawan abin da aka gwada. Ginshiƙansa biyu ne: yawan ƙwayoyi da yiwuwar tsirowar kowace ƙwaya. Misali, idan ƙarfin tsirowar irin shinkafa kashi 85 ne cikin 100, aka jera ƙwaya 100 a kan jiƙaƙƙen buhun algarara, galibi za a ga tsiro 78 zuwa 92. Saboda haka kada a ƙi iri don an ga 80 a gwaji ɗaya. A gwada ƙwaya 100 kashi huɗu, a ɗauki matsakaici.

2. Rabon Puwason

Wannan na ƙidayar abu ne a cikin wani fili ko lokaci, kamar yawan tsutsa a kan kowace shukar masara. Ginshiƙinsa ɗaya ne, wato matsakaici. Idan matsakaicin tsutsa ɗaya ne a kowace shuka, kimanin shuka 37 cikin 100 ba za a ga komai a kansu ba. Ke nan ganin 'yan shukoki lafiya ba ya nuna gona ta tsira. Idan kuwa ƙwarin sun taru a wuri guda, wannan rabo ba zai dace ba, sai a ƙara wuraren dubawa.

3. Rabo mai siffar ƙararrawa

Wannan na abin da ake aunawa ne, kamar nauyin amfani ko tsawon shuka. Ginshiƙansa biyu ne: matsakaici da ma'aunin bazuwa. Misali, idan matsakaicin amfani tan 3 ne a hekta, ma'aunin bazuwa rabin tan, kimanin gonaki 95 cikin 100 za su samu tsakanin tan 2 da tan 4.

Shawara

Kafin a ba manomi shawara, a tambayi kai: jefawa gida biyu aka yi, ƙirgawa aka yi, ko aunawa? Sannan kada a yi wa manomi alƙawarin matsakaici kawai. A faɗa masa har mafi ƙarancin abin da zai iya samu, domin da shi zai lissafa bashin taki.