Bayan Ƙuna Ta Warke, a Duba Zuciyar Majinyaci

Da sanyin hunturu gobara da ƙuna sukan yawaita: garwashin jin ɗumi, ruwan zafi, risho, tukunyar gas. Iyali kan zuba ido ga fata, su manta da abin da wutar ta bari a zuciya.

Ku lura da majinyacinku bayan an sallame shi. In barci ya ƙaurace masa, yana firgita cikin dare, yana tsoron kusantar murhu, ko ya daina shiga mutane saboda tabon fuska, kada ku ce raki ne. Ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Yaro ba ya iya faɗa, sai dai ku ga fitsarin kwance ya dawo. In abin ya haura wata guda, ku nemi likitansa ya tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa. In kuwa ya fara cewa gara ya mutu, a kai shi a ranar.

Tsadar jinya kanta tana ƙara damuwa. Dokar NHIA ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya a Najeriya, jihohi ma suna da hukumominsu, kamar KSCHMA a Kano. Ku tambaye su dalla-dalla: tsarinku ya ƙunshi dashen fata, gashin ƙashi da ganin likitan ƙwaƙwalwa? Ku karɓi takardar turawa kafin sauya asibiti, ku adana rasidai.

Wanda bai yi rajista ba, ya yi tun yana da lafiya.