Kwana a bakin teku

Nijar ba ta da teku. Wata shekara, lokacin hutu, ni da abokaina uku muka shiga mota daga Maraɗi, muka ƙetare gadar Gaya, muka ratsa ƙasar Benin har Wida, yamma da Kwatano.

Muka wuni muna yawo cikin rairayi, ƙarƙashin itatuwan kwakwa. Na ɗanɗana ruwan: gishiri zalla! Da magariba muka kafa tanti dab da ruwa. Wani tsohon masunci ya ce: "Samari, ku ja baya." Muka yi dariya.

Tsakar dare ruwa ya tashe mu. Ya jiƙa guzurinmu, ya tafi da takalmina. Ashe teku yakan cika ya janye sau biyu kowace rana. Watan sama ne ke jan ruwan.

Tambaya: Me masuncin ya sani?