Madogara da Manazarta a Maƙalar Mujallar Likitanci

A watan Janairu na 1980, mujallar New England Journal of Medicine ta Amurka ta buga wata gajeriyar wasiƙa mai jumla biyar kacal, wadda Jane Porter da Hershel Jick na Boston suka rubuta. Sun duba bayanan majinyata 11,882 da aka ba su maganin kashe zafin ciwo dangin mofin suna kwance a asibiti, suka tarar mutum 4 kawai aka tabbatar jarabar maganin ta kama. A ka'idar mujallun likitanci, ga yadda ake rubuta wannan wasiƙa cikin jerin manazarta:

Porter J, Jick H. Addiction rare in patients treated with narcotics. N Engl J Med. 1980;302(2):123.

Layi guda ne, amma kowace alama a cikinsa da aikinta. Sunan mahaifi ko na zuriya shi ke fara zuwa, sa'an nan haruffan farko na sauran sunayen ba tare da aya ba, waƙafi kuma ya raba marubuci da marubuci. Bayan haka sai kan maƙalar, sai sunan mujallar a taƙaice, sai shekara. Waƙafi mai ruwa ya biyo shekara, lambar kundi ta biyo shi, lambar fitowa tana cikin baka biyu, ruwa biyu kuma ya gabatar da shafi. Idan shafukan daga 284 zuwa 287 ne, sai a rubuta 284-7. Taƙaita sunan mujalla kuwa ba yadda marubuci ya ga dama yake yi ba. Babban Ɗakin Karatun Likitanci na Amurka da ke Bethesda, mai kula da rumbun PubMed, yana da tsayayyen taƙaitaccen suna ga kowace mujallar da ya yi wa rajista, shi ake bi.

Ana kiran wannan tsari salon Vancouver, domin a wannan birni na Kanada ne wasu editocin mujallun likitanci suka taru a 1978 don daidaita yadda za a riƙa kawo musu rubutu. Kafin nan, wanda wata mujalla ta ƙi aikinsa sai ya sake buga jerin manazarta kacokan da tafireta kafin ya aika wa wata. An wallafa ka'idojinsu a 1979, taron kuma ya zama kwamitin editoci na duniya da aka sani da ICMJE.

Ɗalibin da ya saba da salon Harvard, inda ake sa suna da shekara a tsakiyar jumla sa'an nan a jera manazarta bisa abajadi, shi ya fi yin tuntuɓe a nan. A salon Vancouver lamba ce madogara. Aikin da aka fara ambata shi ne 1, mai bi masa 2, haka har ƙarshe, jerin manazarta kuma ya bi wannan ƙirga. Aikin da ya sami lamba 7 a shafi na biyu, 7 ɗin zai ci gaba da amsawa ko da an sake kawo shi a shafi na goma. Wahalar tana ɓullowa ne lokacin gyara: da zarar an cusa sabon madogara a tsakiya, duk lambobin da ke bayansa sai sun gusa, wanda ya manta da guda ɗaya kuwa ya jingina wa wani malami maganar da bai faɗa ba. Manhajojin kwamfuta irin su EndNote da Zotero da Mendeley sun ɗauke wannan nauyi, sai dai abin da aka zuba musu shi suke fitarwa, kuskure ko daidai.

Mujallu sun sha bamban a ƙananan abubuwa. Wasu na son lambar cikin baka biyu, wasu a ɗage ta saman layi. Idan marubuta sun haura shida, wasu na ambaton shida na farko su ƙara "et al.", wato "da sauransu" da Latinanci, wasu kuwa uku suke ambata. Saboda haka wajibi ne a karanta umarnin mujallar da za a aika wa. Maganar da wani masani ya faɗa da baki ko cikin wasiƙa ta sirri ba ta shiga jerin manazarta, ana ambaton ta ne cikin rubutun da sunansa da kwanan wata, bayan an sami izininsa a rubuce.

Duk wannan ƙaƙale manufarsa ɗaya ce, wato mai karatu ya iya zuwa tushen magana ya gani da idonsa. Tarihin ilmin ƙwayoyin cuta yana da misali mai ban dariya na abin da ke faruwa idan marubuta suka zama jiyau. A 1887 Jaroslav Hlava na birnin Prague ya wallafa bincike kan ciwon atini da harshen Cek. Da aka taƙaita aikin a wata mujallar Jamusanci, sunansa ya salwanta, kan maƙalar, "O úplavici", wato "Game da atini", ya maye gurbinsa. Shekara hamsin masana suna kafa hujja da wani O. Uplavici, wannan ya kwafa daga wancan, har sai da Clifford Dobell na Ingila ya tona asirin a 1938.

Labarin wasiƙar Porter da Jick kuwa babu dariya a cikinsa. A 2017 David Juurlink da abokan aikinsa a Kanada suka bi sawun ayyuka 608 da suka kafa hujja da ita. Kashi 72 cikin ɗari sun kawo ta a matsayin shaidar cewa da wuya jarabar waɗannan magunguna ta kama majinyaci, kusan kashi 81 cikin ɗari kuma ba su ambaci cewa mutanen suna kwance ne a asibiti ba, inda ma'aikata ke auna musu magani na ɗan lokaci. Aka riƙa amfani da ita wajen halatta bai wa masu ciwo na dindindin maganin su tafi da shi gida wata da watanni, abin da wasiƙar ba ta taɓa bincika ba. Ambatonta ya ƙaru ƙwarai bayan OxyContin ya shigo kasuwa a tsakiyar shekarun 1990. Daga 1999 zuwa 2020 mutum fiye da rabin miliyan suka mutu a Amurka sanadiyyar shan irin waɗannan ƙwayoyi fiye da kima. Annobar tana da dalilai da yawa, ba za a ɗora ta kan wasiƙa guda ba, amma mujallar da kanta ta ga ya dace ta liƙa mata gargaɗi a 2017. Abin lura, mai yiwuwa ne galibin waɗancan manazarta ba su da aibu ta fuskar aya da waƙafi.

Don haka ka'idojin ICMJE suka ɗora wa marubuci, ba edita ba, alhakin tabbatar da kowane madogara, da kuma duba ko an janye aikin. Alal misali, maƙalar Andrew Wakefield ta 1998 da ta danganta allurar rigakafin ƙyanda da cutar galahanga, mujallar Lancet ta janye ta a 2010, kuma PubMed na nuna hakan a kanta. Mai son ambatonta dole ya rubuta cewa janyayyiya ce. Wata sabuwar matsala kuma ita ce manhajojin ƙirƙirarriyar basira, waɗanda kan ƙago manazarta masu kyan tsari, da kundi da shafi, alhali babu su ko'ina. Hanyar gane su ita ce a ɗauki lambar DOI ko ta PMID da ke tare da kowanne, a buɗe ta, a ga ko sunaye da shekara da kan maƙalar sun dace da abin da ke cikin jerin, sa'an nan a karanta aikin har zuwa sashen da ya bayyana su wane ne aka yi binciken a kansu.