Babi na Bakwai: Idan Haɗin Bayodizal Ya Ƙi

Bayodizal man injin gas ne da ake samu daga man gyaɗa, manja, man waken suya, man bini da zugu, ko tsohon man da masu tuya suka gama da shi. Abin ba sabo ba ne. A baje kolin birnin Faris na 1900 an tayar da injin ƙirar Rudolf Diesel da man gyaɗa, a 1937 kuma wani masani ɗan Beljiyam mai suna Chavanne ya yi rajistar hanyar sarrafa manja ya zama man inji. Ma'aunin da masu haɗawa a gida suka saba da shi ga sabon mai shi ne: lita 1 ta mai, mililita 200 ta metanol, da giram 3.5 na sodar sabulu. A narkar da sodar a cikin metanol, a zuba a man da ɗuminsa ya kai digiri 55, a yi ta juyawa awa guda, a bar shi ya kwana. Da safe sai a tarar ya rabu biyu, bayodizal garau a sama, gilisarin mai duhu a ƙasa. Idan bai rabu ba, yawancin masu koyo sai su ce soda ta yi kaɗan, su ƙara. Nan ne kuskuren yake. Mafi yawan haɗin da ya lalace sabulu ne ya lalata shi, kuma ƙarin soda da ka ƙarin sabulu ne kawai.

Duk wanda ya taɓa ganin mata na dafa sabulu ya san kayan aikinsu: mai, soda da ruwa. Kayan mai haɗa bayodizal ke nan, sai dai shi ya cire ruwa ya sa metanol a madadinsa. Saboda haka da zarar ruwa ya shiga, komai ƙanƙantarsa, sodar za ta bar aikin da aka sa ta, ta koma yin sabulu. Ruwan yana shigowa ta ƙofa uku. Tsohon man tuya yana riƙe da laimar doya, kifi ko ƙosan da aka soya a ciki. Soda tana zuƙar laimar iska, musamman da damina, shi ya sa ake auna ta da sauri a rufe gwangwaninta. Wadda ta dunƙule ko ta jiƙe ba ta da amfani a wannan aiki. Shi ma metanol idan aka bar shi a buɗe yana shan laima. Gwajin mai kuwa ba wuya: ɗiga kaɗan a kan kasko mai zafi, in ya yi tartsatsi akwai ruwa. A tace shi, a dafa shi a hankali har ya ɗan wuce digiri 100 kumfa ta daina tashi, sannan a jira ya huce zuwa 55 kafin a kawo metanol kusa da shi.

Abu na biyu shi ne tsamin mai. Duk lokacin da aka maimaita tuya da mai, ko ya daɗe a ajiye, yana fashewa ya saki wani asid. Manja da man bini da zugu sukan zo da wannan tsami tun daga matsa. Asid ɗin yana cinye soda ya zama sabulu, sai a rasa wadda za ta yi ainihin aikin. To, a nan mai irin wannan yana buƙatar ƙarin soda da gaske, amma gwargwadon tsaminsa, kuma ido ba ya gane wannan gwargwado. Ga yadda ake aunawa. A narkar da giram 1 na soda a lita 1 ta tsabtataccen ruwa. A wani ƙaramin kofin gilashi a haɗa mililita 1 ta man da mililita 10 ta sinadarin aisofurofil, a sa ɗan garin kurkum. Sai a riƙa ɗiga ruwan sodar da sirinji ana kaɗawa, har launin ya tashi daga rawaya ya koma ja, ya tsaya a haka kamar rabin minti. Kowace mililita da aka ɗiga tana nufin ƙarin giram 1 na soda a kowace litar mai. In an ɗiga mililita 2, sodar da za a sa ita ce giram 5.5. In kuwa ya kai 5 ko ya wuce, gara mai koyo ya haƙura da wannan man.

Wani zai ce wannan ai aikin ɗakin gwaje-gwaje ne, ina mai injin niƙa ko manomin rani zai iya? Ƙorafin yana da ɗan tushe, domin ba kowace kasuwa ake samun metanol da aisofurofil ba, sai wurin masu sayar da sinadarai a manyan birane. Amma wanda ya iya samo metanol ya riga ya isa inda sauran suke. Abin da ya rage sirinji ne, ƙaramin sikeli, ma'aunin zafi da kurkum, kuma kuɗinsu bai kai na jarkar man da za a yi asara ba. Wani kuma zai ce a sa sifirit na kemis ko barasar da ake dafawa a gida maimakon metanol. Wannan ba ya yi, don dukkansu akwai ruwa a ciki, an koma gidan jiya ke nan.

Shi kansa lalataccen haɗi yana faɗin ciwonsa. Idan ya yi kauri kamar kunu ya ƙi zuba, soda ta yi yawa ko ruwa ya shiga. Idan aka ga wani fari-farin layi tsakanin bayodizal da gilisarin, sabulu ne. Idan ya kwana bai rabu ba kuma bai yi kauri ba, to aikin ne bai kammala ba: ko tsami ya cinye sodar, ko man ya yi sanyi, ko ba a juya sosai ba, ko zafi ya yi yawa. Metanol yana tafasa a wajen digiri 65, don haka wanda ya ƙara wuta don ya gama da wuri ya kori metanol ɗinsa ne. Akwai gwajin da ke raba gardama. A zuba mililita 3 ta bayodizal a mililita 27 ta metanol a wuri mai ɗan sanyi, a girgiza. In ya narke tas, ya yi. In ɗigon mai ya kwanta a ƙasa, da saura, sai a cire gilisarin a sake haɗa shi da ɗan metanol da soda kaɗan. Dalilin da ya sa ake fara gwada lita 1 kafin a taɓa lita 20 ke nan.

Saura wanki. A haɗa bayodizal da ruwa daidai wa daida a kwalba, a girgiza. Mai kyau yana rabuwa cikin rabin awa. In ya zama fari ya ƙi rabuwa, sabulu ya yi yawa. Ɗumi, ruwan gishiri da haƙuri sukan raba shi. Wankin farko a yi shi a hankali da ruwan ɗumi, a maimaita har ruwan ya fito garau, sannan a busar da man har a iya karanta rubutu ta cikin kwalbar. Masu cewa inji ai yana tashi ko ba a wanke ba, har ma da ɗanyen mai, gaskiya suka faɗa, yana tashi. Sai dai ɗanyen mai ya fi gas kauri wajen sau goma, shi da ragowar sabulu suna toshe matata da nozul sannu a hankali, kuma kuɗin gyaran famfon gas ya fi ribar da aka ci.

Mai karatu, metanol guba ne: kaɗan daga cikinsa yana makantarwa ko ya kashe, yana shiga ta fata da numfashi, kuma harshen wutarsa da ƙyar ake ganinsa da rana. Soda tana ƙona fata da ido, tana cin tukunyar alminiyam. Ka yi aiki a fili, nesa da wuta da yara, da safar hannu da tabarau, da bokitin ruwa a kusa, kada kuma ka taɓa ajiye metanol a robar ruwan sha.